Babban Lauyan Jiha da Haƙƙin Mai Saye

A 1994, Mike Moore, babban lauyan jihar Mississippi a Amurka, ya maka kamfanonin taba sigari a kotu. Hujjarsa ita ce su ke kwashe riba, amma baitulmalin jiha ke biyan kuɗin jinyar waɗanda hayaƙi ya lalata wa huhu. Sauran jihohi suka bi sahunsa.

A watan Nuwamban 1998, manyan kamfanoni huɗu suka amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206 cikin shekara 25. Aka sauke allunan tallar taba daga bakin titi, aka hana jan hankalin yara da zanen katun.

Ƙananan koke-koke ma suna isa ofishin babban lauyan jiha. Tsohuwar da aka damfara ta waya takan rubuta ƙorafi, ma'aikata su tuntuɓi kamfanin da ake zargi, idan koken ya yawaita su shigar da ƙara. A jihohi 43 jama'a ke zaɓen mai wannan kujera, shi ya sa ba ya yi musu kunnen uwar shegu.

Jihar Kano ma ta gwada irin wannan ƙara. A 2007 ta kai kamfanin magunguna na Pfizer kotu kan gwajin maganin Trovan na 1996, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75.