Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Ga wata magana mai nauyin faɗi, amma tilas a faɗe ta.

A ƙauyukanmu na ƙasar Ɗambatta da Bichi da Makoɗa, kadan mutum ya ga jini cikin bayan gidansa, sai ya ce basir ne. Ranar kasuwa ya nufi mai magani da lasifika, ya sayi ƙulli, ya jiƙa ya sha. Lalle sau da yawa basir ɗin ne. Amma akwai sankarar babban hanji, wadda takan zo da wannan kama: jini, da gudawa ko taurin ciki wanda ya ƙi wucewa, da rama ba dalili. Bara muka yi jana'izar wani maƙwabcina, manomin gyaɗa. Damina biyu yana shan sassaƙe, sa'ad da aka kai shi birni likita ya ce an makara.

Likitoci sun bayyana asalinta ɗan tsiro ne cikin hanji, yakan yi shekaru kafin ya rikiɗe. In an gan shi da wuri, sai a cire. Ana binciken bayan gida don neman jinin da ido ba ya gani, ana kuma shigar da siririyar na'ura ta dubura a duba hanjin, kamar yadda ake yi a Asibitin Malam Aminu Kano. A Amurka, tun 2021, shawarar masana ita ce mai shekara 45 ya fara gwaji ko da lafiyarsa lau.

To, me ke hana mu? Babba ita ce kunya. Dattijo ya gwammace ciwo ya cinye shi da yaro sa'an ɗansa ya ga al'aurarsa, balle matar kulle. A nan mu malamai muna da laifi, gama mun karanta cikin fiƙihu larura tana halatta wa likita duba gurbin cuta gwargwadon bukata, ba mu faɗa wa jama'a ba. Neman magani kuwa bai saɓa wa tawakkali ba.

Sa'an nan ga kuɗin mota da na gwaji, wanda sai talaka ya sayar da akuya ko ya fasa rumbu. Wannan na hukuma ne. Muna roƙonta ta kawo gwajin bayan gida asibitocin ƙananan hukumomi da rahusa, ta sa ma'aikata mata su karɓi mata. Limamai kuma su ambaci zancen ranar Juma'a.