Sunan Manomi Shi Ne Jarinsa

Jama'a, ga kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kuɗi sun fara shiga aljihu. To, yanzu ne 'yan damfara su kan fito, kamar yadda gara ta kan bi rumbun da ba a gyara ba. Saboda haka a wannan mako zan ajiye zancen taki da iri, mu yi magana a kan abin da ya fi su tsada, watau sunan mutum.

Bara wani manomi a ƙasar da na ke aiki ya zo mini ransa a ɓace. Wani baƙo ya je ƙauyensu da takardu, ya ce za a raba taki kyauta, kowa ya kawo hoto da lambarsa ta BVN, ya dangwala yatsa. Suka yi, har ya ba kowa ɗan abin goro. Ashe takardun rance ne. Ya karɓe takin da sunansu, ya sayar, ya gudu. Bawan Allah nan bai san da bashi a wuyansa ba sai ran da ya kai kuɗin masararsa banki, ya ga an zare.

Ga yadda abin ya ke. Tun 2014 aka fito da BVN, kowane mutum lamba ɗaya tak, ko da yana ajiya a banki goma. A 2020 kuma Babban Bankin Nijeriya ya yarda, in mutum ya sa hannu ya ci bashi bai biya ba, bankin ya ɗebi kuɗinsa daga ajiyar mutumin ko a wane banki ta ke. Sa'an nan akwai ofisoshin da ke rubuta sunayen masu bashi, banki kuwa ya kan duba can kafin ya ba da rance. In sunanka ya ɓaci, ran da ka ke bukatar kuɗin injin ban-ruwa sai a rufe maka ƙofa.

Waɗansu su kan ce, ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne. Wannan magana ta cuci mutane. Rancen noman shinkafa da aka buɗe a Birnin Kebbi a 2015, da ire-irensa, bashi ne, kuma da sunan manomi a ke rubuta shi.

Akwai kuma masu cewa kawo kuɗinka su haihu. MMM ta yi alkawarin ribar 30 bisa 100 kowane wata, ta rufe a Disamba 2016 da kuɗin jama'a. CBEX ma haka ta yi a Afrilu 2025. Ba su da gona, ba su da kanti, kuɗin na baya su ke ba na gaba, ran da sababbi suka daina zuwa sai abin ya rushe. Ni dai na yi makarantar aikin gona, ban taɓa ganin irin da a ke shukawa yau a girbe gobe ba. Gero ma, duk saurinsa, sai ya yi kusan wata uku. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shawarata ita ce, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, mai karantawar kuwa ya zama naka, ba na mai takardar ba. In rance ka ke so, tafi banki da ƙafarka, ka ji nawa ne, yaushe za a biya. Kowane biya ka yi, karɓi rasit ka adana. Wanda ya bugo waya ya ce daga banki ya ke, yana neman lambar sirrin katinka, ɓarawo ne, banki ba ya tambayar wannan. Ku kuma 'yan kasuwa da akawuna, ku yi hankali da tsaya wa mutumin da ba ku san gidansa ba.

In kuwa an riga an cuce ka, kada kunya ta hana ka magana. Sanar da banki da 'yan sanda nan da nan, ka gaya wa dagaci domin a gargaɗi saura.

Allah ya kiyashe mu, ya sa albarka a abin da muka noma, amin.

Malamin Gona