Mai Yankan Gwangwani Ba Abin Raini Ba Ne

A manyan kasuwannin ƙasar Hausa, kamar na Kano da Zariya, akan ga waɗansu maƙera zaune a tsakiyar tarin gwangwanaye da tsofaffin garewani. Daga cikin wannan tarkace suke fid da mazurari da moɗa da fitilar aci-balbal. Waɗansu 'yan makaranta in sun zo wucewa sukan yi musu dariya, wai aikin wanda bai yi karatu ba ne. Wannan kuwa kuskure ne babba.

A duba yadda ake yanka siririn ƙarfe guda ɗaya tak, irin wanda ake yi wa moɗa mariƙi da shi. Da fari maƙeri zai farke gwangwani, ya shimfiɗa shi bisa katako, ya bubbuge shi da guntun itace har ya miƙe sarai. Ba ya sa gudumar ƙarfe, gama takan bar masa tabo. Sa'an nan ya auna. In mariƙi mai faɗin inci 1 yake so, sai ya auna inci 1½, domin zai kalmashe rubu'in inci a kowane gefe. Wanda ya mance da kalmasa ya yanka inci 1, mariƙinsa rabin inci zai fito, ya yi hasarar ƙarfe. Ashe lissafin da ake fama da shi a aji yana nan a rumfar ƙira!

Bayan awo sai ya ja layi da bakin ƙusa, ya ɗauki almakashin ƙarfe. Nan ake gane gwani. Yakan tura ƙarfen can cikin almakashi, ya datsa kaɗan kaɗan, ba ya barin bakin ya rufe duka, don tsininsa yakan tsaga gefen. Siririn ƙarfen kuwa yana fita yana nannaɗewa kamar ɓawon lemo, sai an sake miƙar da shi. In ƙarfen ya yi kauri, kurfi da guduma ake sa masa.

Sabon yanka yana da kaifi kamar aska, shi ya sa ake goge shi da zarto, a kalmashe. Maƙerin da ya yi ganda a nan, hannun mai ɗiban ruwa ne zai biya. Saboda kaifin nan ne kuma bai kamata yaro ya taɓa wannan aiki ba sai da babba a kusa.

Ya kyautu shugabannin makarantu su riƙa gayyato irin waɗannan maƙera, su nuna wa manyan yara aikin a lokacin koyon sana'a. Abin da za a nema kaɗan ne: almakashi biyu, da zarto, da katako, da gwangwanayen madara da ake zubarwa a juji.