Kwanika da Matan Ƙauye

'Yan'uwana mata, a da in mace ta haihu, gidan iyayenta take tafiya wankan jego, wata ma ba ta komawa ɗakinta sai yaro ya yi ƙwari. Wannan al'ada ita ce ta riƙa tsare iyayenmu daga kwanika. Yanzu kuwa da an yi arba'in sai a mai da ke, goyo bai fara rarrafe ba wani cikin ya shiga.

Kada ki ce ai kina ba da nono. Nono yana tsare ciki ne cikin wata 6 na farko kaɗai, shi ma sai in ba ki ba jariri komai ban da shi, kuma al'ada ba ta dawo miki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa shawararta a dakata wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani.

Ga matar ƙauye, ƙwaya da allurar wata 3 wahala ce, don asibiti da nisa, ga kuɗin mota. Abin da ya fi mata sauƙi shi ne ashanar da ake sa wa ƙarƙashin fatar damtse, mai shekara 3 ko 5, ko robar mahaifa mai kai shekara 10. Ba sa hana nono, kuma ran da aka cire haihuwa tana dawowa. Amma ki sani ashana takan rikita al'ada, jini ya riƙa ɗiga, abin da ke damun mai salla. In haka ta faru ki koma a duba ki, kada ki bari wanzami ya taɓa.

To, ina matsalar take? Robar ana sa ta cikin awa 48 da haihuwa, in an wuce sai bayan sati 4. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan arewa maso yamma da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Watau yawancinmu a gida wannan dama take wuce mu.

Saura ranar rigakafin jariri ta sati 6, wadda ta faɗo daf da arba'in. Tun 2014 gwamnati ta yarda ƙananan ma'aikatan lafiya da aka horar su riƙa sa ashana. Ki shawarci maigida tun kina da ciki, ran nan ki tambayi malamar asibiti. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa yayyenku da ba su iya boko ba.