Kun Haddace Linkon, Kun Bar Wurno a Ƙofa

Ku 'yan aji shida, ku matso. Na gama duba takardunku na darasin Gwamnati, kuma tilawa na tarar. An ce ku tattauna matsalolin ƙananan hukumomi a Najeriya. Kusan kowa ya buɗe da ma'anar dimokuraɗiyya ta Abraham Linkon, wadda babu wanda ya tambaye ku, sannan ya jero cin hanci, rashin kuɗi, jahilci, kamar mai ƙirga awaki da magariba, ya ja layi. Wani har ya ƙara da "Malam a taimaka don Allah" a ƙasan shafi. Taimakon ke nan nake yi yanzu.

Abin haushin, na san ku. Da daddare a teburin mai shayi a Wurno, ku ne masu fashin baƙin yadda aka tsayar da kansila, wa ya sauya sheƙa, wa aka yi wa ɗauki-ɗora. Kuna kawo hujja har jijiyar wuya ta tashi. Ranar jarrabawa kuwa sai ku tuɓe wannan basirar ku bar ta a ƙofar aji.

Ka rubuta "rashin kuɗi". To, kuɗin a ina suke maƙalewa? Faɗi mana. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ne ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ta nan aka tsara rabonsu ya bi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo, domin sashe na 7 zaɓaɓɓu ya sani. Daga nan ka sauko gida: Jigawa na da 27, har da Birnin Kudu da Gwaram. Kasuwa da tashar mota aikin ƙaramar hukuma ne a dokance, kuma kullum kana ganin mai yankan rasit a bakin kasuwa. Magana ɗaya da hujjarta da misalinta ta fi goma tsirara, ko a wurin mai makin WAEC.

Kuma a daina kawo min kirarin 'yan siyasa. Sule Lamido ɗan Bamaina ne, ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. In za ka ambace shi, kawo aiki da shekara, son da babanka ke masa ko ƙin da yake masa ba maki ba ne.

Ranar Litinin kowa ya sake kawo min shafi guda, maganganu uku kacal. Wanda na sake ganin Linkon a layinsa na farko, nan jan birona zai tsaya.