ZAUREN IYALI: Kuɗin rapel ya fito, mota kuma tana ƙofar gida

  

A wannan fitowa za mu tattauna kan kuɗin da ke zuwa wa magidanci a dunƙule daga hannun hukuma. Ma'aikaci ya san shi da sunan rapel, wato cikon albashin da aka riƙe masa shekara da shekaru. Tun bayan yajin aikin malaman makaranta na OTS a 2022, malamai da yawa sun karɓi nasu kashi-kashi. Ɗan kasuwa mai fitar da kaya waje shi ma yakan karɓi irinsa, idan ofishin haraji ya mayar masa da rarar TVA, harajin nan na kashi 19.25 cikin ɗari. Ko ta wace ƙofa kuɗin ya shigo, mun lura cewa a nan Briketeri idon maigida kan fara sauka ne a kan motarsa. Kafin mako ya zagayo an yi cinikin sababbin ƙafafu masu walƙiya, an baƙanta gilashi, an dasa rediyo mai girgiza unguwa.

Ba mu ce ado haramun ba ne. Allah Yana son Ya ga alamar ni'imarSa ga bawanSa, kuma wanda ya yi shekaru yana jiran haƙƙinsa ya cancanci ya ji daɗi. Sai dai akwai abin da farin ciki kan mantar da mu: wannan kuɗi ba tsintuwa ba ne. Guminmu ne da aka jinkirta, kuma a tsawon jinkirin nan ba iska muka ci ba. Mai kanti ya rubuta mana shinkafa da mai a littafinsa. Mai gidan haya ya yi haƙurin wata uku. Ƙane ya ranta mana kuɗin makarantar yara a watan Satumba, uwargida kuma wataƙila ta kwashi adashinta ta toshe wata ɓaraka ba tare da ta gaya wa kowa ba. Waɗannan mutane suna da rabo a cikin rapel tun kafin ya iso banki. Malamanmu sun karantar da mu cewa jan rai wajen biyan bashi alhali akwai halin biya zalunci ne. Mai kantin da ya ga motar wanda yake bi dubu 150 ta wuce da sababbin ƙafafu ba zai yi magana ba, saboda kunya irin tamu, amma lissafin yana nan.

Wasu sun tambaye mu game da zakka. A mazhabar Malikiyya, dukiyar da ta shigo hannu ta irin wannan hanya ana fara ƙirga mata shekara ne daga ranar da aka karɓe ta. Idan shekara ta cika tana nan, kuma ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, sai a fitar da ɗaya bisa arba'in. Motar hawa ba ta da zakka. Ɗan kasuwa kuwa ya je wa malami da littafinsa, domin nasa hukuncin yana da rassa.

To, a ce an biya bashi, an ware na abinci da na makaranta, saura ya rage, motar kuma da gaske tana bukatar hannu. A nan rabe-raben da Imam Shaɗibi ya yi bayani a cikin Muwafaƙat zai yi mana amfani, inda ya bambanta larura da bukata da kuma ƙawa. Kiyaye rai yana cikin larura, kuma a jikin mota rai yana rataye ne ga birki da taya da sitiyari da fitila. Yawunde gari ne na tuddai. Wanda ya taɓa gangarowa da iyali cikin ruwan Oktoba, birki yana shiga har ƙasa, ya san abin da muke nufi. Balle mai shirin kai yara hutu Ngaundere ko Garwa ta Bertuwa da Garwa-Bulai, ko mai bin hanyar Duwala a tsakanin manyan motocin katako.

Taya ita ce aka fi cuta da ita. Yawancin motocinmu kwance ne daga Turai, sun sauka a tashar jirgin ruwan Duwala da shekaru a kansu, tayun da muke saya ma kwance ne. Zanen taya kan yi kyau alhali robar ta mutu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2314, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2014, kuma ko mai sayarwa ya rantse, ka bar masa kayarsa. Sababbin tayu huɗu ba sa burge kowa a ƙofar masallacin Tsinga ranar Juma'a, amma su ne ke taɓa ƙasa. Ƙafafun nan masu faɗi da siririyar taya kuwa an yi su ne domin titunan da ba su san rami ba. Lungunanmu kan lanƙwasa su a damina ɗaya.

Sai man fetur. Lita tana sefa 630 kafin Fabrairun 2023, ta koma 730, sannan ta kai 840 a Fabrairun 2024. Tanki mai lita 50 ya tashi daga 31,500 zuwa 42,000. Saboda haka gyaran injin da ke shan mai fiye da kima kuɗi ne da ke komawa aljihu kowane mako, rediyo kuwa sai dai ya cinye batir. Haka takardu: inshora, wadda tun 2017 ake haɗa kuɗin binyet a cikinta, da takardar binciken lafiyar mota. Wanda ya cika su ya huta da tsayawa roƙo a gefen titi, ya kuma tsare hannunsa daga miƙa abin da shari'a ta hana.

Muna ba da shawarar kada a taɓa kuɗin sai ya kwana bakwai, domin labarin rapel yana riga mai shi isa gida, kuma makanike da dillali duk sun ji. A cikin kwanakin nan maigida ya zauna da uwargida da takarda da alƙalami. Ita ta san buhun da ya kusa ƙarewa, da yaron da ba a gama biya wa makaranta ba, da maƙwabciyar da aka karɓi dubu 20 a hannunta ranar da zazzaɓi ya kwantar da auta. Daga nan sai a kai motar gareji, a ce wa makanike ya fara da cire ƙafafu ya duba birki, ya rubuta farashin kowane abu daban kafin ya ɗaura ko da ƙusa ɗaya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.