Sankarar Mama: Roba Ko Naman Jiki, Wanne Ya Fi Wa Matanmu Bayan Tiyata?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, gidajen rediyo da asibitoci a Nijar da Najeriya kan shiga gangamin wayar da kai game da sankarar mama. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da cutar a duniya, wasu 670,000 kuma ta yi ajalinsu. Kiran da aka fi yi shi ne a je asibiti da wuri, kuma kira ne mai kyau. Sai dai akwai maganar da ba a cika taɓowa ba, wato abin da ke biyo baya idan likita ya ce sai an cire maman gaba ɗaya.

Wannan tsoro na cire mama yana cikin abubuwan da ke sa mata da yawa gudun asibiti su koma wurin mai magani, sai ciwo ya ci jiki a dawo. Kuma tsoron yana da dalili. Wani bincike da likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka fitar a 2010 a kan matan aure 81 da aka cire wa mama ya gano cewa bayan shekara uku, fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka bibiya aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu. Saboda haka sake gina mama bayan tiyata magana ce ta rufin asiri da zaman gida.

Mun ga ya dace mu kawo wannan batu a shafin nan domin 'yan kasuwarmu na Maraɗi, Jibiya, Ƙonni, Illela da Maigatari na cikin masu ɗaukar iyali zuwa Yamai, Kano ko Zariya, wasu har Masar, Tunisiya ko Indiya neman magani. A can likita kan ajiye wa maigida da uwargida zaɓi biyu, sau da yawa ta bakin tafinta, kuma cikin gaggawa.

Hanya ta farko ita ce dasa roba. Jaka ce ta silikon da aka cika da wani abu mai kauri kamar kunu, ko kuma da ruwan gishiri, a sa ta ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji. Likitoci biyu a birnin Houston na Amurka, Cronin da Gerow, su ne suka fara dasa ta silikon a 1962. Sau da yawa ana yin aikin zubi biyu: a fara sa wata jakar da za a riƙa ƙara mata ruwa kaɗan-kaɗan na makonni har fata ta buɗe, sannan a sake shiga tiyata a sa ta dindindin. Amfaninta shi ne aikin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, ba a yanka wani wuri a jiki, kuma mace kan tashi da wuri.

Amma fa robar nan ba ta har abada ba ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha nanata haka, har ta ba da shawarar a riƙa ɗaukar hoton mai silikon bayan shekara 5 zuwa 6 da dasawa, daga nan kuma duk shekara 2 zuwa 3, domin tana iya fashewa mace ba ta sani ba. Jiki kuma kan naɗe ta da wata tantani wadda wani lokaci takan ƙame, maman ya yi tauri, ya karkace, ya riƙa ciwo. Mace mai shekara 35 da aka dasa wa roba ta sa a ranta cewa akwai yiwuwar ta sake komawa ƙarƙashin wuƙa ko sau ɗaya ne a rayuwarta.

Sannan akwai batun ingancin kaya, wanda ɗan kasuwa ya fi kowa sani. Idan ba a manta ba, a 2010 hukumomin Faransa suka dakatar da robar kamfanin PIP bayan an gano yana cika ta da silikon na masana'antu wanda ba a amince a sa a jikin mutum ba, kuma a 2013 kotu ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu. Haka nan a 2019 kamfanin Allergan ya janye wani samfurin robarsa mai kaushin baya daga kasuwannin duniya saboda alaƙarta da wata irin sankara da ba a cika samu ba. Waɗanda ke da takardar shaidar irin robar da ke jikinsu su ne suka san matsayinsu da wuri.

Hanya ta biyu ita ce a gina maman da naman jikin matar. Ana ɗebo fata da kitse, wani lokaci har da tsoka, daga mararta ko gadon bayanta, ko cinya, a kai ƙirji. Wani likita mai suna Hartrampf a Atlanta ya fito da dabarar ɗebowa daga mara haɗe da tsoka a 1982, wadda ake kira TRAM. Daga baya aka inganta ta zuwa wadda ake kira DIEP, inda ake barin tsokar ciki a wurinta, a ɗauki fata da kitse da jijiyoyin jininsu, a ɗinke su da na ƙirji ta amfani da madubin ƙara girma. Maman da aka gina haka yana da taushi da ɗumi, yana ƙiba ya rame tare da mai shi, kuma idan ya kama to ya kama ke nan, ba a maganar canji.

Tsadarsa tana gaba ne. Aikin kan kai awa shida zuwa takwas ko fiye, a yi kwanaki a gadon asibiti, jinya kuma ta kai mako shida zuwa takwas. Wuri biyu ne zai warke, tabo biyu ne zai saura, ga shi baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tasowa. A wasu lokuta jini kan ƙi gudana a naman da aka dasa ya mutu, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ciwon suga, mai ƙiba sosai ko mai shan taba. Naman mara sau ɗaya ake ɗibarsa, kuma matar da ke sa ran sake haihuwa sai ta faɗa wa likita tun farko, domin aikin na iya raunana bangon ciki. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Amurka da Kanada, wanda aka fitar a 2018, ya nuna cewa bayan shekara biyu matan da aka yi wa da naman jikinsu sun fi gamsuwa da mamansu, amma kuma sun fi haɗuwa da matsaloli bayan tiyata.

To wanne ya fi dacewa da namu yanayin? A ganinmu abu biyu ne za su raba gardama. Na farko shi ne gashi. Yawancin matanmu sai ciwo ya yi nisa suke isa asibiti, saboda haka da yawa sai an gasa wurin da na'ura bayan tiyata, irin wadda aka buɗe cibiyarta ta farko a Yamai a 2021. Gashi kan sa fata ta ƙame, kuma roba ba ta jituwa da shi: tauri, ƙwayoyin cuta da buɗewar ɗinki duk sun fi yawa. Shi ya sa likitoci da dama kan ce a gama gashi tukuna, sannan a gina da naman jiki.

Na biyu shi ne nisa. Roba tana son mai bibiya. Mu da muka ga yadda aka rufe iyakar Nijar da Najeriya daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 mun san cewa hanya kan toshe ba shiri. Wanda zai biya kuɗin roba a Alƙahira ya tambayi kansa wa zai duba ta idan ta kumbura cikin dare a Magarya. Shi ma aikin naman jiki yana da nasa sharaɗi: ba kowane asibiti ke da ƙwararren da ya saba ɗinkin ƙananan jijiyoyi ba, kuma komawa gida da wuri don gudun kuɗin masauki ganganci ne.

A Amurka tun 1998 doka ta tilasta wa kamfanonin inshora da ke biyan kuɗin cire mama su biya na sake gina shi. Mu a nan galibi aljihun maigida da gudummawar dangi ne inshorar. Don haka lissafin a fara shi daga kuɗin maganin cutar kanta, wato tiyata, allurai da gashi. Sake gina mama yana iya jira har shekaru, amma sankara ba ta jira. Wadda ba ta so a sake yanka ta, akwai maman roba da ake sawa cikin rigar mama a cire da dare, kuma wannan ma zaɓi ne mai mutunci.

Ga masu tambayar hukunci, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar mayar da gaɓa siffarta ta asali, kuma ta ambaci mama da aka cire a ciki.

Shawararmu ga duk wanda wannan jarrabawa ta samu ita ce kada ya sa hannu a takarda sai ya ji amsar tambayoyi huɗu: shin za a yi gashi? Tiyata nawa ke gaba, kuma kuɗin da aka faɗa ya haɗa da su duka? Sau nawa likitan ya taɓa yin irin wannan aiki? Wa zai duba ta bayan an dawo gida? Idan roba ce, a karɓi katin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambarta a adana. A kuma sani cewa maman da aka gina, ko ta wace hanya, ba ya shayarwa, kuma jin taɓi yana raguwa a wurin.

Daga ƙarshe, muna kira ga maza da su bar uwargida ta yi magana da bakinta a gaban likita, domin jikinta ne zai ɗauki wuƙa da jinya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.